Telan Alƙali

Ni na ɗinka masa alkyabbar alƙali
a rumfata, bayan kasuwar riɗi ta Gadarif.
Yadi huɗu na baƙin ƙyalle mai araha,
aljihunta kuwa zanen zare ne kawai,
ko ƙwandala ba za ta shiga ba.

Attayyibu ɗan Gwamma. Na san awon wuyansa,
na san kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka,
nan na cusa auduga don ya yi kwarjini.
Daren Alhamis da ya hau dandali
ya buga sanda ya ce, "Kotu!"
tsofaffi suka gyara zama, yara suka haɗiye dariya,
har ni da na san da audugar
ban iya haɗa ido da shi ba.

Shekara tara yana yanke hukunci.
Ya ƙwato wa marayu gonar dawa,
ya ɗaure ma'aunin da ya lotsa gindin mudu.
Mata a bakin famfo suna cewa, "Da ma shi ne na gaske."
Malam Siddiƙu kuwa, gurgun malamin firamare
mai rubuta masa kalmomin
a bayan tsofaffin takardun jarrabawa,
ko sau ɗaya ba a kira sunansa ba.

Yau ga shi tsaye a bayan a-kori-kura
da lasifika, da hoton Mahajubu mai taraktoci,
wai mu miƙa masa shugabancin ƙungiyar manoma.
Muryar dai ita ce. Sandar ma ita ce.
Alkyabbar, tun daga nesa na gane ɗinkina,
kuma har yau cikon kuɗinta
bai shigo hannuna ba.

Kada in ci zalinsa, yaron yana da kai.
Ina wurin ranar da wuta ta ɗauke ana tsakar wasa,
mai tuni ya ruɗe, takarda ta ɓace a duhu,
shi ko ya tsaya ya ƙago shari'a tun daga tushe,
ya kawo hujja, ya warware ta, ya sake ƙulla ta,
har Malam Siddiƙu ya dinga buga sandarsa a ƙasa.
Mai irin wannan kai ba a ce masa wawa.
Sai dai kaifin almakashi, ni tela na sani,
bai taɓa tambayar yadin na wane ne ba.

Da la'asar ya shigo, ya zauna kan buhun ƙyallaye.
Na zuba masa gahawa mai citta.
Na ce, "Attayyibu, nawa buhun riɗi bana?
Nawa Mahajubu ke ɗorawa kan bashin shuka?"
Ya juya finjali. Ya dubi keken ɗinki.
Ya ce, "Baba, 'yata na kwance a asibitin Madani.
Shekara tara ana yi mini tafi,
tafi kuwa ba ya sayen allura."
Wannan kam Siddiƙu bai rubuta ba.

Na gaskata shi, abin da ya hana ni sukuni ke nan.
Tasa ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa,
ta haya ya faɗa da lasifika,
kuma wadda jama'a za su bi ran Asabar
ba ita ce wadda na ji ba.

Da zai fita ya ajiye alkyabbar:
kafaɗa ta farke, auduga tana leƙe,
a gyara kafin taron gobe.
Tun magariba take kan cinyata.
Na lashi bakin zare, na zura shi a allura,
maƙwabta sun rufe rumfuna,
ladan ya kira isha'i, gahawar ta huce.
Ban mayar da audugar ciki ba,
ban kuma zare ta ba.