Kwabo Mai Huji

Shekara ashirin da biyu ina tuƙa Alhaji Tanimu
daga Unguwar Rimi zuwa hanyar Kaciya,
inda tankokinsa ke layi kamar shanu a mashaya.

Gari ya san gidajen mansa goma sha ɗaya,
ya san burtsatsen Rigasa
da kuɗin asibitin da yake biya a ɓoye.
Ni na san ɗakin sama.

Can yake zama bayan lisha, hula a gwiwa,
ya baje su kan baƙin ƙyalle:
anini, ɗari, taro, sisi,
fatakar da ta sha hannu har ta yi sulɓi.
Mai sa hannu kan miliyoyi
yana goge anini da lemon tsami.

Na ce, ranka ya daɗe, waɗannan ko ƙosai ba su saye.
Ya yi dariya har da tari,
ya zaro kwabo mai huji daga zaren wuyansa.

"Ina tallar kananzir a Tudun Wada
wata tsohuwa ta miƙo mini taro.
Na ce bari in samo canji.
Na sha kwana.
Da kunya ta mai da ni, an ce ta tashi."

Bayan sadakar bakwai aka raba tankoki,
aka raba filaye.
Kwabon, ba wanda ya tambaya.

Yana aljihuna.
Duk sanda na hango tsohuwa da bokiti a bakin famfo
sai ƙafata ta nemi birki.