Fitilun Jumunjin

Shekara talatin da ɗaya ina kunna wa teku fitila.
A nan Jumunjin haka muke kama kifin nan mai feshin tawada:
ba tana, ba ƙullin gari,
ƙwan lantarki saba'in ne a jere bisa jirgi,
har dare ya yi fari fat.
Shi da kansa yake tasowa daga gindin duhu,
ya rungume ƙugiya da hannuwansa goma,
a zatonsa wata ne ya sauko gaishe shi.

Da asuba nake dawowa, gishiri a gira,
in tarar ɗakin Gyu-tae bai runtsa ba.
Shuɗin haske na rarrafowa ta ƙarƙashin ƙofa,
yatsu na sauka kamar yayyafi a kan kwano.
Shinkafar da uwarsa ta ajiye tun faɗuwar rana
tana nan inda take, ta sandare.

Shekararsa sha tara.
Yaron da ke gane jirgina da tarin injinsa,
ya sheƙo bakin ruwa da takalmi wari ɗaya.
Yanzu in na yi magana, ƙeya ce ke amsawa:
"Baba, minti biyar."
Dusar ƙanƙara ta zuba ta narke sau biyu
a cikin minti biyar ɗin nan.

Ran da na fizge wayar daga bango
ya watsa mini baƙar magana har ta rufe mini ido.
Ban yi fushi ba. Na san wannan tawadar,
na sha wanke ta daga rigata.
Ta mai jin tsoro ce.

A watan tara yarona na jirgi ya karye a hannu.
Uwarsa ta tsaya a kansa, ba roƙo, ba faɗa,
har ya sa takalman roba.
Da muka yi nisa, wayarsa ta kurumce.
Ya yi amai sau uku.
Babban yatsansa na ta shafar gwiwa,
yana neman abin da ba ya nan.

Can tsakar dare suka fara tasowa, dubu kan dubu.
Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.
"Baba, ba sa ganin ƙugiyar ne?"
Na ce suna gani mana.
Ya yi shiru. Injin na ta tarinsa.
Sai ya ce, "Kashe mu gani."

Ban taɓa kashe fitila kifi na ci ba,
wannan zubar da kuɗi ne a ruwa.
Na kashe.
Duhu ya faɗo mana kamar bargo jiƙaƙƙe,
sannan taurari suka fito ɗaya-ɗaya, da kunya,
irin ta baƙon da aka daɗe ba a gayyata ba.
Na ji numfashinsa kusa da kafaɗata.
Ashe ya fi ni tsawo.

Da muka sauka, aljihunsa ya ɗau kuka,
saƙo na bin saƙo kamar kaji sun ga tsaba.
Yana ɗauke da akwatin kifi da hannu biyu.
Bai ajiye ba.
Daga bakin jirgi zuwa rumfar gwanjo
taku arba'in da huɗu ne, na ƙirga.
A na arba'in da biyar ya sa hannu a aljihu.

Gobe ma akwai fita.
Na bar masa takalman a bakin ƙofa,
kusa da shinkafar.