Ruwan Fari a Shafi na Tamanin

Littafin ya tsufa, bangonsa ya saɓule,
da zaren buhu na ɗaure shi.
Malam Haliru ya raba mana shi a aji huɗu,
mu bakwai kan kwafi guda,
ranar da kwanon ajin ke ƙara don zafi.

Ya ce, "Marubuci ba ya haɗa hadari a banza.
In ya zubo ruwa a shafi, rahama yake nufi.
In ya kawo bazara, zuciya ce ta ƙone.
Ganuwa tsaro ce, kogi kuwa tafiya.
Ku rubuta, zai fito a jarrabawa."
Muka rubuta. Ya kuwa fito.

Da dare a Kwarbai, ƙarƙashin fitilar ƙwai,
na karanta wa kakata Iya Kande,
tana ɓarar gyaɗar iri a faifai:
shafi na tamanin, inda Jatau ya dawo gida
bayan shekara tara,
ruwan fari na bin sawunsa,
ƙasa na ƙamshi, shamuwa ta sauka kan rimi.
Na ce, "Iya, alheri ke nan. Haka Malam ya ce."

Ta kakkaɓe ɓawo daga zaninta.
"Malaminku ya taɓa leƙa rumbu da marka?
Wanda ya dawo da ruwan fari
ya tarar da hatsi ya koma ƙasa,
tukunya na jiran abin da bai tsiro ba.
Baƙon damina, ɗan nan, baki ne ya ƙaru.
Ci gaba, mu ji ko an yi masa guɗa."

Na ci gaba.
Ba a yi ba.
Ƙanwarsa ta ƙirga ludayi sau biyu,
katangar zaure ta sha ruwa ta zauna,
Jatau ya kwana yana tarar yoyo da ƙwarya.
Duk yana nan a rubuce,
mu ne muka tsallake shi a guje
muna neman rahama.

Tun daga nan na daina yarda da alama
sai na taka ta da ƙafata.
Na je Kubanni da rani:
kogin da aka ce tafiya ne yana zaune,
masu lambu na rarrashinsa da gwangwani.
Na hau abin da ya saura na ganuwa,
na ga akuya na kiwo a kan tsaro,
wani na haƙar jar ƙasarta zai yi yaɓe.

Iya ta rasu da bazara,
lokacin da aka ce zuciya ke ƙonewa.
Amma a makon nan mangwaron Samaru ya nuna,
masu gaisuwa suka yi ta zuwa da shi a kwando,
yara na kuka, haɓarsu na ɗigar zaƙi.
Wane shafi zan sa wannan?

Bara na gamu da Malam a Ƙofar Kuyambana,
ya rame, yana jan keke maimakon hawa.
Na ba shi labarin Iya da rumbu.
Ya yi dariya har ya dafa sirdi.
"Ni ma ɗan manomi ne," in ji shi,
"na ci tafasa da rama har Agusta ta wuce.
Na sani sarai.
Takardar maki ce ba ta san yunwa ba."

Yau ni ke riƙe da alli.
Littafin dai shi ne, yaran ne wasu.
Mun iso shafi na tamanin ana cida a gabas,
wata yarinya, Lantana, ta ɗaga hannu:
"Malam, me ruwan ke nufi?"

Na buɗe taga, iska ta kwashi takardu.
Na ce, "Wa ke da rumbu a gida?"
Hannu uku suka tashi, a hankali,
kamar masu jin kunya.
Na ce, "To, ku uku, ku faɗa mana.
Sauran ku ajiye biro tukuna."