Kunnen Baba Neino

Mu huɗu muka turo ta daga Bagalam,
Fijon mahaifina, shekara sha tara a rumfa,
kaji sun saba ƙwai a kan kujerarta.

Dillali ya ce, ƙarfe ce, a ɗora a sikeli,
jaka tamanin, ya ƙara biyar don zumunta.
Na ce bari dai Baba Neino ya gan ta.
Aka yi dariya: wanda yanar ido ta rufe
da me zai duba mota?

Yana kan benci ƙarƙashin bedi.
Sallau ya sa batir, ya ɗura mai a kwalba,
ta yi tari uku, ta tofar da tsatsa,
sannan ta buɗe muryarta.

Tsoho ya ajiye kofin shayi.
Ya ce, kar wanda ya taɓa totur.
Kun ji yadda take ɗingishi a tsaye,
kamar ɗan kokowa kafin a buga kalangu?
Ba ciwo ba ne, zama ne ba ta so,
ba don tafiyar kasuwa aka ƙera ta.

Ya miƙa hannu cikin zafin.
Karbirato biyu, kowane da baki biyu.
Bututun hayaƙi huɗu sun murɗe
sun haɗe kamar saiwar gawo.
Kan kowane noti da huda,
an zarga siririyar waya an ɗaure,
don kada girgiza ta kwance ta.

Ya ce, karanto mini katin.
Na karanto. Ya shafa lambar gefen inji
da ɗan yatsa, harafi-harafi,
ya yi murmushi: jikin da takarda sun yi daidai,
amma wannan ba ita ce zuciyarta ta fari ba,
aro ce aka dasa mata.

Wata shekara, in ji shi, masu tsere suka ratsa,
ɗaya ta kife bayan Dakoro,
aka jawo gawarta garejin maigidana.
Ubanki Arzika ya sayi injin da kuɗin gyaɗa.
Dare uku muna ɗaurawa da fitilar ƙwai,
ni na murɗa wayar nan, ga tabon,
ya ce kar in faɗa wa uwarki
don kar ta hana shi fita.

Ni da na san shi da carbi da tafiyar hawainiya,
mai cewa direba, sannu, ba a guje wa ajali!
Ashe da asuba, hanyar Madarumfa,
shi kaɗai yake sake mata linzami
har gulbi ya amsa kukanta.

Dillali ya dawo da la'asar, ya ninka tayi.
Ban tanka ba.
Ina riƙe wa Sallau fitila,
Baba Neino na cewa: a hankali, yaro,
wanke bujin, amma wayar nan
ko da wasa kar ka yanke ta.