Harshe Tsakanin Haƙora

Ƙarfe takwas a Mabera, rana ta riga ta buɗe ido,
fanka ta tsaya, ba wuta tun jiya.
Ina gaban yara arba'in da bakwai
ina nuna musu yadda Bature ke tambaya:
muryarsa ta hau tsani, ta kai ƙarshe,
ta tsaya can sama tana jira.

Na ce ku sa harshe tsakanin haƙora,
ku hura kaɗan, kamar mai busa kunu.
Aji ya kece da dariya.
Kulu ta ja gefen hijabi ta rufe baki,
ta ce, "Malama, a gidanmu wanga gwalo ne,
mai yin shi mari yaka sha."

Na ce a Ingilishi gaɓa ɗaya ke ɗaukar kaya,
sauran su bi ta a guje kamar 'yan rakiya.
Kada ku ji tsoro, kunnenku ya saba da abin da ya fi wannan.
Wa ya taɓa haɗa kukan ido da kukar miya?
Wa ya kira baban rini ya ga mahaifinsa ya waiwaya?

Jabbi ne ya fi kowa kama sauti.
In ya karanta, sai ka ce rediyo aka kunna.
Saura kwana tara ya zauna gaban masu ba da tallafin karatu,
amma idonsa na kan takalmina.
Na ce, dubi mai tambayarka,
a can, mai sunkuyar da kai ana zaton yana ɓoye wani abu.
Ya ce, "Malama, mi zan yi?
Wanga ido bai taɓa hawa bisa babba ba."
Ya faɗa yana kallon ƙasa.

Da la'asar na bi ta unguwar dukawa.
Warin jima na nan, jan fata na shanye a kan igiya.
Shekara arba'in Baba Modi ya sayar wa baƙi jaka da tabarmar fata
bai san kalmar Turanci ko guda ba.
In an taya da arha, ya yi tsaki, ya koma kan basilla.
In an ƙara, ya ɗaga gira.
In ciniki ya faɗa, ya buɗe tafin hannu, shi ke nan.

Daminar bara ciwo ya shanye masa ɓari ɗaya,
ya tafi da maganar.

Na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum,
na gaishe shi ina kallon tabarma.
Shiru.
Inno ta ce daga madafa, "Ya amsa miki, ke ce ba ki duba ba."

Ni da nake sayar da kallo da safe
shekara talatin ban san fuskar ubana ba sai ta gefe.

Na ɗaga kai a hankali, kamar mai ɗaga tulu cike.
Akwai tabo ƙarami a ƙasan idonsa na hagu.
Akwai zobe fari-fari kewaye da baƙin idon.
Girarsa ta dama ta hau tsani,
ta kai ƙarshe, ta tsaya can sama tana jira.

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Yaran ne, akwai wani Jabbi."
Girar ta sauko.
Rabin bakinsa ya yi murmushi,
sai shi ma ya kau da kai, kunya ta kama shi.

Muka zauna haka har aka kira magariba,
ni ina satar kallonsa, shi yana satar nawa,
kamar sababbin ɗalibai biyu
da aka ba littafi ɗaya.