Bayan Takarda

Sati uku cur ina zanen injin nan,
layi bisa layi, ba gogewa ko ɗaya.
Na miƙa wa Malama Tsahara ina danne murmushi.
Ta duba, ta jinjina kai, ta kife takardar.
Bayanta fari fat.
Ta ce, "Lawali, ga inda jarrabawar take.
Wa zai saya? Nawa ne?"

Na ce a raina: shekara huɗu ina kokawa da lissafi
don in koma ɗan tireda?

Ran Lahadi ta kora mu kasuwar Tawa,
mu goma sha ɗaya, ba ma'auni, ba kwamfuta,
littafi da biro kawai, da doka guda:
kada bakin kowa ya furta "na ƙirƙiro".
Ku tambayi mutane abin da ke hana su barci,
ku yi shiru har su gama.

Layin 'yan albasa ya tarbe mu da wari kafin sallama.
Tsoho Na-Allah ya cusa hannu cikin buhu har gwiwa,
ya zaro guda, ta narke masa a tafi.
"Cikin goma, uku rabon juji ne.
Lokacin cira, buhu ba ya sayen takalmi.
In ruwa ya sauka, sai ya sayi akuya.
To amma albasa ba ta san jira ba."

Na kasa bin doka. Na warware zanena bisa buhunsa:
fanka biyu, batir, farantin rana,
da ƙaramin ido mai auna zafi.
Ya ce, "Nawa?"
Na faɗa.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Yaro, in na samu wannan kuɗi ai rijiya zan gina."

Daga nan aka fara cirewa.
Alzuma mai walda, wanda bai taɓa zama a benci ba,
ya ce batir zai kwana uku kafin a sace shi.
Na cire batir. Fanka ta bi shi.
Idon nan da na fi so, na riƙe shi har wata guda,
sannan na sake shi, kamar mai sayar da tunkiyar gado.
Abin da ya rage: rudun kara bisa ƙafafun ƙarfe,
da bututu baƙi a ka, rana ta gasa shi ya ja iska daga ƙasa.

Na farko ya ci amanata.
Na matse tagogi, buhu biyu suka ruɓe,
na biya jikka tara daga kuɗin abincina,
na yi wata ina shan gari.
Malama ta rubuta taran nan a allo, babba,
ta ce wa aji, "Wannan ya biya kuɗin makaranta.
Ku sauran har yanzu bashi ake binku."

Na huɗu ne ya kai damina.
Na-Allah ya buɗe, ya ɗauki guda, ya matsa,
ta yi ƙara kamar sabon takalmi.
Bai yaba ba. Ya ce a rage masa.
Mun yi ciniki har la'asar, ina gumi ina murna.

Yau yara uku ke yanka ƙarfe a rumfata, hanyar Ƙonni.
Na-Allah ya rasu da jikka biyu tawa, na yafe.
Zanen farko yana ƙasan akwati,
har gobe ya fi duk abin da na ƙera kyau.
Wani dare nakan fiddo shi in duba,
sai in ji hannuna, ba da izinina ba,
yana kife shi.