Abin da Takarda Ba Ta Faɗa Ba

Sahura, kin ce kin ci jarrabawar Turanci,
an duba ƙirjinki babu tari, an buga hatimi.
Madalla. Ni ma da su na sauka Bradford,
rungume a ƙirji kamar jinjiri.

Ranar farko a gidan tsofaffi
Mista Hargreaves ya yi magana sau uku,
ban tsinci komai ba.
Turancin da na biya wa kuɗi
ba shi ake yi a nan ba.
Ashe shayi yake so. Na kawo masa bargo.

Shekara tara ina ɗaura ruwa a asibitin Funtuwa,
nan sai da aka koya min wanke hannu,
'yar cikina ta ba ni maki.
Na haɗiye, kamar loma babu miya.

Ki koyi jiran bas kafin asuba,
sanyi na cizon yatsu.
Ki koyi cewa "ban gane ba, maimaita."
Ki ƙulle kuɗin hayar wata biyu.

Sauran kuwa,
ranar da tsoho ya riƙe hannunki
yana kiran sunan 'yarsa,
ki amsa kawai.